Babu Kowa a Cikin Zomo

Tun da Gwaggo Tokiko ta cire takalmi a bakin ƙofa ta ce a dafa shayin baƙi, ba na kullum ba, Mifuyu ta san yau ma ba ita kaɗai ta zo ba.

Ilai kuwa, a bayanta ga Masatomo Kuribayashi, ma'aikacin bankin nan da Gwaggo ta shirya musu zaman ganin juna tun bazara. Kwalin alewa ne a hannunsa, ya tallafe shi kamar jariri. Ya rusuna wa Mama, ya juya ya rusuna wa hoton marigayi Baba da ke kusurwar ɗaki, sannan ya durƙusa a kan tabarma ba tare da wandonsa ya yamutse ba.

Mifuyu ta riga ta ce ba ta so. Sai dai irin faɗar gidansu ta yi, wato "bari in yi tunani," kuma kowa a garin Numazu ya san abin da wannan ke nufi. Gwaggo ma ta sani sarai. Kurum dai ta ga dama ne ta zama kurma.

"Shizue, matso kusa," in ji Gwaggo ga Mama. "Zo ki ga abin da ɗan mutane ya shirya miki. Waɗanda aka haifa a gidan ma ba su yi wannan tunanin ba."

Wata mai kamawa Mama za ta cika sittin, shekarar da ake sa wa mutum jar riga a yi masa biki kamar an sake haihuwarsa. Ita kuwa ba liyafa ce a gabanta ba. Abu ɗaya take so a duniya, katun. Kada wani ya yi dariya, don kofin shayinta, laimarta, jakar cefanenta, duk hoton Koropei ne a jiki, zomon nan mai karyayyen kunne da take kallo a talabijin tun tana 'yar makaranta. Bayan rasuwar Baba an daɗe ba a ji dariyarta ba, kuma ranar da aka ji, a gaban wannan zomon aka ji ta.

Masatomo ya shimfiɗa taswira a kan gajeren teburin, ya danne gefenta da kofinsa.

"Za mu fara da gidan tarihin katun ɗin kwaɗo mai laima, Uwargida. Ba sa sayar da tikiti a ƙofa, sai an yi rige-rige tun ranar da aka buɗe sayarwa, amma na samo mana mu huɗu. Daga nan mu hau jirgin ƙasan nan da aka yi wa zane ciki da waje, mu sauka a masaukin da har sabulun wanka yake da kunnuwa. Washegari sai gidan mai zanen dodon tafki, inda aka bar teburinsa yadda ya tashi ya bar shi."

"Har da alƙalumansa?" Mama ta tambaya, ido waje.

"Har da tokar sigarinsa, Uwargida."

Mu huɗu, Mifuyu ta maimaita a ranta. Wato ya riga ya saya wa kansa kujera a cikin dangi.

"Ranar ƙarshe kuma," ya ɗora yatsa a bakin teku, "Lambun Koropei, wurin wasanni da shaƙatawar nan. Na shiga ƙuri'ar ganawa ta musamman, na kuma ci. Za a kai mu har ɗakinsa, daga mu sai shi, babu bin layi."

Mama ta rufe baki da hannu biyu, idanunta suka cika taf.

Gaban Mifuyu kuwa ya yanke ya faɗi.

"Af!" Gwaggo ta ajiye kofi. "Ba can ne yaron nan naki yake aiki ba? Ginta yake ko wa?"

"Genta, Gwaggo."

"Kin ce a ofis yake. Wane sashe ma?"

"Sashen... tsare-tsare."

"To madalla. Sai ya fito ya gaishe mu, ya miƙo katin sunansa na wurin aiki kamar kowane namiji. An daɗe ana jin suna ba a ga kati ba. Ni mutumin da ba shi da kati ban san ta ina zan fara rusuna masa ba." Ta nuna kusurwar ɗaki da haɓa. Can gaban hoton Baba, kusa da kaskon turare, katin Masatomo ne a jingine. Ita ta ajiye shi da hannunta, wai don ƙaninta ya karanta da kansa.

"Zan yi murnar saninsa," Masatomo ya ce a ladabce. Abin haushin shi ne da gaske yake. Ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi komai wahalar da Mifuyu.

Gaskiyar magana, Genta Shirahata ba shi da ofis, ba shi da kati, ko kujera ba shi da ita. Shi ne Koropei. Kullum sai ya shiga rigar nan mai nauyi, a ɗora masa ƙaton kan zomo, ya fita ya yi ta rawa da ɗaga hannu gumi na gangarowa har cikin takalmi. Dokar aikin kuma guda ce: babu kowa a cikin zomo. Mai riga ba ya magana, ba ya cire kai a gaban baƙi, ba ya faɗa wa ko uwarsa wace riga yake shiga. Manya ma ba sa tambaya, tambayar kanta rashin ladabi ce. Mifuyu kaɗai ya faɗa wa, ranar da ya ce yana sonta, don ya ce ba zai fara soyayya da ɓoye-ɓoye ba.

Ita kuwa ranar da Gwaggo ta tsare ta da "me yake yi?", bakinta ya riga zuciyarta, ya ce ofis. Tun daga nan take ta ɗora wa ƙaryar nan bulo.

Bayan baƙi sun tafi tana wanke kofuna, Mama ta zo ta tsaya kusa da ita da tsumman gogewa.

"Mifuyu."

"Na'am, Mama."

"Ni ba katinsa nake son gani ba, shi nake son gani. Amma kin san gwaggonki ita ta riƙe shagon shayinmu da babanki ya kwanta. Bakina ba ya buɗuwa a gabanta." Ta goge kofi ɗaya har ya wuce gogewa. "Me ya sa ba ki taɓa kawo mini shi ba? Ko akwai abin da ba kya so in gani?"

"Babu komai, Mama."

"To shi ke nan. Na yarda da ke."

Da Mama ta zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta sunkuyar da kai ta ƙara buɗe famfo.

Abin da ta yi washegari, ni kaina da nake ba da labarin nauyin faɗarsa nake ji. Ta je bayan kantin littattafai inda akwai na'urar buga katin suna, ta waiwaya hagu da dama, ta danna abin da ta danna. Daga nan ta shiga shagon tufafi ta zaɓi laktaye mai ruwan toka.

Ranar hutun Genta suka haɗu da rana a shagon taliyar da ke bayan tashar jirgi. Ta same shi ya riga ya fara, babban kwano kamar kullum, wuyansa manne da filastar ciwon jiki mai ƙamshin na'a-na'a. Yana ganinta fuskarsa ta washe.

"Kin rame. Ko Gwaggo ce ta hana ki abinci sai kin auri banki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta zauna, ta ba shi labarin tafiyar tun daga kwaɗo mai laima har zuwa ranar ƙarshe, idonta a kan teburi. Bai katse ta ba, bai kuma nuna mamaki ba. Da ta gama ta turo masa 'yar jaka.

Ya ciro laktayen ya duba, ya ajiye. Ya buɗe wani ƙaramin akwati da ke cikin jakar, ya zaro kati ɗaya. Da hannu biyu ya riƙe shi, har da ɗan sunkuyar da kai, yadda ake karɓar katin babban mutum.

"Genta Shirahata," ya karanta. "Mataimakin shugaban sashen tsare-tsare." Ya juya bayan katin. "Mataimaki? Tunda ƙarin girma kike rabawa, ai da kin ba ni shugaban gaba ɗaya."

"Genta, don Allah."

"Har da tambarin lambu. Kai, kin yi ƙoƙari."

"Na ɗan lokaci ne kawai. Ka musanya ranar da wani abokin aikinka, ka sa kwat, ka same mu a bakin ginin ofis. Ka gaisa, ka miƙa kati, ka ce ana jiranka a taro. Shi ke nan fa. Daga baya zan yi musu bayani a hankali."

"Mifuyu, tun yaushe nake aiki a ofis?"

Ta kawar da kai.

"Tambayarki nake. Gara in sani, kada Gwaggo ta tambaye ni in yi kuskure."

"Tun farko," ta ce da ƙyar.

"Tun kafin in kai ki wurin mahaifiyata?"

Ta gyaɗa kai. Hawaye suka ɓalle mata.

"Ai kai ka ce doka ce! Kai ka ce ko a mafarki kada in faɗa!"

"Doka ta hana ki cewa ni ne Koropei," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada mai shago ya ji. "Ba ta hana ki cewa ni ɗan wasa ba ne, mai shiga riga yana faranta wa mutane rai. Wannan ko a gaban shugabanmu ana faɗa. Ofishin nan ke kika gina shi, ba doka ba."

"Ba ka san Gwaggo ba. Za ta ce ƙato ya wuce talatin yana tsalle a cikin rigar dabba. Za ta ce in gwiwarsa ta lalace fa, me za ku ci? Za ta ce in kun haihu, me yaron zai ce babansa yake yi in aka tambaye shi a makaranta?"

"Wa ke tambayar nan? Gwaggo ko ke?"

Kukan ya ƙwace mata. Ta danne baki da hankici, kafaɗunta na rawa. Ma'aikatan da ke shan romo a teburin gefe suka ƙara dulmiya kai cikin kwanukansu, kamar ba su ji komai ba.

"Mu biyu," ta ce. "Ni da ita. Ka ji na faɗa. Ina sonka, Genta, ban taɓa son wani kamar yadda nake sonka ba, kuma ina jin kunyar aikinka. In ƙawayena suna zancen mazajensu sai in tashi in shiga bayi. Kullum na fito daga wurinka sai in rantse yau zan faɗa wa Mama, in na isa ƙofar gida sai bakina ya mutu. Kunyar da nake ji ita kanta kunya take ba ni. Jiya na tsaya a gaban na'urar nan ina rubuta maka aikin da ba naka ba, na ga fuskata a gilashi, na tsani kaina. Amma ban fasa dannawa ba."

Genta ya ture kwanon taliyarsa gefe.

"Kin tuna ranar da kika zo kika bi layi a bayan 'yan makaranta? Da aka zo kanki kika rungume ni, kika sa baki a ragar fuskar zomon da nake leƙowa ta ciki kika ce, sannu da aiki. Rana ce mai zafi, numfashi ma da ƙyar nake yi. Na koma ɗakin canji na zauna ina ta murmushi ni kaɗai, har abokan aiki suka ɗauka zafi ne ya taɓa mini kai. Na ce a raina, ga wadda ta san akwai mutum a ciki, kuma abin bai dame ta ba."

"Da gaske na faɗa!"

"Na sani. A can babu wanda ya san ki."

Maganar ta soke ta. Ta miƙa hannu ta kamo hannun rigarsa.

"Ka yafe mini. Ka taimake ni wannan karon kawai. Ranar Mama ce, ba na so a ɓata mata. In muka dawo, na yi maka alkawari, a gaban hoton Baba zan durƙusa in faɗi komai."

"Ko na so ba zan iya musanyawa ba."

"Me ya sa? Ai ba kai kaɗai kake shiga rigar ba."

"Ranar akwai aiki na musamman, kuma ni ake ba irinsa don na fi kowa daɗewa." Ya ja numfashi. "Bai kamata in faɗa miki ba. Sirrin baƙo ne. Wannan ne karo na biyu da zan karya doka saboda ke."

Ta saki hannun rigarsa a hankali.

"In mutum ya ci ƙuri'ar ganawa, ana ba shi damar ya ƙara roƙo guda. Yawanci kek suke roƙa, a kunna kyandir, Koropei ya taya hurawa. Da na ji tsohuwa ce za ta cika sittin, na ɗauka shi ke nan."

"Ba kek ba ne?"

"Ba kek ba ne. Za a rage fitilu, a saki kiɗa. Koropei zai shigo ɗauke da ƙaramin matashin kai, akwatin zobe a kansa. Ya miƙa wa namijin, ya koma gefe ya haɗe hannuwa yana jira."

Ta dafa teburi.

"A'a..."

"Shugabar wasanmu ce ta faɗi sunayen, don a rubuta su a ƙyallen da za a rataya a bango. Masatomo da Mifuyu. Ni na riƙe mata tsani."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ke ki san da tafiyar."

"Kuma ba ka ce komai ba? Ka bar ni ina ta zuba kamar mahaukaciya?"

"Na so in ji abin da za ki zo mini da shi. Da kika bugo kika ce akwai magana, har aski na je na yi. Na ɗauka cewa za ki yi in zo gida in gaida Mama." Ya taɓa akwatin katunan da ɗan yatsa. "Sai kika zo da wannan."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Mifuyu ta gode mata.

"Gwaggo ta sani?"

"Ita ta bugo waya ta zaɓi kiɗan."

Yanzu ta gane komai. Ba Masatomo ne ya yi wannan lissafin ba, kansa bai kai nan ba. Gwaggo ce. A gaban Mama, cikin jar rigarta, a ranar da ta fi kowace rana a wurinta, a ɗakin zomon da ya dawo mata da dariya, ma'aikata na tsaye da kyamara. Wace 'ya ce za ta buɗe baki a nan ta ce a'a, ta kunyata baƙon da ya ɗauki nauyin tafiya, ta mayar da bikin uwarta abin da za a riƙa tunawa da takaici? Gwaggo ta san 'yar ƙaninta ciki da bai.

"Ka ƙi mana!" ta ce cikin kuka. "Ka ce ba ka da lafiya! Yaya za ka ɗauko zoben wani ka kawo mini da hannunka?"

"Ba ni zan kawo ba, Koropei ne. Shi kuma bai san ki ba." Ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. "Kuma mahaifiyarki tun tana yarinya take jiran ranar nan. Ba zan bar mata sabon shiga wanda bai iya karya kunne daidai ba. Zan rungume ta, zan yi mata rawar ranar haihuwa yadda ban taɓa yi wa kowa ba. Wannan kam ba sai da kati ba."

"Genta..."

"A cikin rigar nan ba ni da baki, Mifuyu. Ba zan iya cewa tsaya ba. Ba zan iya kiran sunanki ba. Ina nan tsaye kusa da ke, ina kallonki ta raga, komai aka yi sai dai in gani. A ɗakin nan ke kaɗai ce za ki iya magana."

Ta kifa kai a kan teburi. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya zuba mata ruwa ya tura gabanta.

"Saura abu ɗaya. Irin wannan aikin rawa biyu ake koya mana, don ba a san yadda za ta kaya ba. In macen ta ce a'a, Koropei zai rufe ido da kunnuwansa ya faɗi zaune, yadda mutane za su yi dariya, namijin ya samu inda zai ɓoye fuskarsa. In ta ce e, sai ya yi tsalle, ya zagaya su yana tafi, ya haɗa hannuwansu wuri ɗaya ya ɗaga sama a ɗauki hoto." Ya dube ta. "Gobe da safe akwai bita. Faɗa mini wadda zan fi mayar da hankali a kai."

Ta ɗago. Amsar tana nan, ta san ta ba tun yau ba. Ta buɗe baki. Sai fuskar Mama ta tsaya mata a gaba, hannu biyu a kan baki, idanu cike da murna. Sai idon Gwaggo. Sai ta ji a kunnenta yadda kalmar "ɗan wasa" za ta fito a tsakiyar ɗakin nan, kowa ya yi tsit.

Idonta ya sauka a kan teburi.

Genta ya jira. Ya jira har maiƙo ya kwanta a saman romonsa, har mutanen teburin gefe suka tashi wasu suka zauna.

Sannan ya mayar da katin cikin akwatin, ya daidaita shi da 'yan'uwansa, ya rufe. Ya naɗe laktayen da kyau ya ɗora a kai, ya tura mata da hannu biyu. Ya miƙe yana dafa wuyansa.

"To," ya ce. "Bari in je in ƙara bitar ta murnar. Ita ce har yanzu ba ta zauna mini ba."